Ango Asankoya da Injin Kawu Biran

A garinmu na bakin tekun Malabar, a ƙasar Indiya, namiji ake ɗauka a kai gidan su matar. A ba shi ɗaki, a ba shi kan kifi, a kira shi Ango har ranar da za a kai shi makwancinsa. Ko haƙoransa sun zube, Ango ne. Ba a aikensa, ba a sa shi aiki, ba a gyara masa magana a gaban mutanen gida, surukarsa kuwa ba ta yi masa magana sai ta bakin 'yarta. Ni ma Ango ne a gidan su matata, don haka ba kushe al'adar nake yi ba. Amma wanda ya ƙirƙiro ta bai san za a haifi Asankoya ba.

Asankoya mijin yayata Ayisabi ne. Shekara ashirin da bakwai yana angonci a gidan mahaifiyarmu, Inna Biyatu. Sha tara daga ciki a manyan jiragen ruwa na ƙasashen Larabawa ya yi su, yana zuwa hutu da turare da agogo da labari. A faɗarsa, babban injiniya ne. Injin da yake kula da shi ya fi masallacin Juma'armu girma. Ya taɓa gyara shi cikin guguwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofin shayi. Ni kuwa, Mammu, shekara talatin ina kamun kifi da ƙaramin inji, hannuna duk kanta, amma idan ya fara zuba sai dai in ce, "Haka ne, Ango."

Rikicin ya taso ne a kan ɗakin sama. Ɗaki ɗaya ne a benen gidan, mai taga biyu masu kallon teku, kuma nan Asankoya yake tun ranar da aka kawo shi. To ga 'yarsa Rasiya za ta yi aure nan da wata guda, sabon ango kuwa ɗakin da ya fi kyau ake ba shi. Wata safiya muna shan shayi a tsakar gida Inna ta ajiye kofinta.

"Ayisabi, faɗa wa Ango an gyara ɗakin da ke jikin kicin. Akwai sanyi, ga shi ba hawa ba sauka."

Asankoya na zaune taku uku daga gare ta. Ya juya ga matarsa.

"Ayisabi, faɗa wa Inna injiniya ba ya barci sai yana kallon teku. Likitan kamfani ne ya rubuta."

"Ayisabi, faɗa wa Ango ni dai labarin injin nake ji. Fankar ɗakina shekara huɗu ba ta juya ba."

"Ayisabi, faɗa wa Inna fanka aikin yara ne. A ba ni teku."

Ayisabi ba ta buɗe baki ba, don ba a taɓa jiran ta faɗa. Ta ci gaba da juya gurasar shinkafa.

Nan take ya miƙe ya yi alkawari. Ranar Asabar zai ɗauki Inna a jirgi, shi da kansa a kan inji, ya bi da ita gaɓar teku, ta ga Dutsen Tsuntsaye, ta sauka a Ciralam, garin da aka haife ta, ta gaisa da dangi, ya dawo da ita kafin la'asar. Inna ta yi shekara goma ba ta je Ciralam ba, don mota na sa ta amai. Ta juya ga Ayisabi.

"Ayisabi, faɗa wa Ango idan ya dawo da ni ƙafata a bushe, ɗakin nasa ne. Idan ta jiƙe, ya san hanyar kicin."

Sannan ta juyo gare ni. "Kai kuma za ka bi mu, amma ka bar bakinka a gida. Idan ka gyara wa Ango magana ban yafe ba."

Ranar Asabar kafin rana ta ɗaga rabin unguwa sun hallara a bakin ruwa, wajen rumfar mai shayi. Jirgin maƙwabcinmu Kawu Biran muka ara, na katako, mai ƙaramin inji a baya. Aka loda tsarabar Ciralam: kwakwa, albasa, barkono, tsamiya, shinkafa, da galan ɗin man kwakwa. Ga tukunyar abincin rana, ga risho da tukwanen dafa shayi. Asankoya ya iso a ƙarshe, da farin zane mai guga, da farar hula mai baki, da akwatin sifanu masu ƙyalli waɗanda ko ƙusa ba su taɓa gani ba.

Kawu Biran ya tare shi. "Ango, injin nan tsoho ne, yana da hali. Da fetur ake tayar da shi, ga shi a wannan kwalbar. In ya kama sai ka juya shi ga kananzir. Kwalbar nan ita ce ranka, kar ka..."

"Kawu, kifi za ka koya wa iyo?"

"A'a, kifi ba ya sa hula."

Mutane suka yi dariya. Asankoya ya hango filafilai biyu a cikin jirgi, ya ɗauke su ya jefar a kan yashi. Ya ce cin mutunci ne a ce injiniya na cikin jirgi ga filafili. Na dubi Inna, ta harare ni, na mayar da kaina ƙasa.

Ya ja igiyar inji sau bakwai ba ta kama ba. A na takwas ta kama, ashe ya bar shi a giya. Jirgi ya zabura, Asankoya ya zauna daɓas a kan kwakwa, kuma ba wanda ya kwance igiyar da aka ɗaure mu da ita. A jikin turken rumfar mai shayi take. Rumfa ta biyo mu da tabarmarta da ayabar da ke rataye, mai shayi ya biyo rumfa da ludayi a hannu har ruwa ya kai masa gwiwa. Na yanke igiyar.

"Ango, a jirgin Larabawa ma da tashar kuke tafiya?" in ji Kawu Biran daga gaɓa.

"Gwajin ƙarfi ne," in ji Asankoya yana gyara hula. "Injinka ya ci rabin maki."

Gaskiya awa ɗaya ta farko ta yi daɗi. Ruwa lafiya lau, bishiyoyin kwakwa na wucewa a dama, ga hasumiyoyin masallatai suna leƙowa. Inna na zaune a kan kujerar da aka ɗaure mata a tsakiya, ƙafafunta a kan akwatin katako, tana nuna wa Ayisabi wuraren da ta sani tun tana yarinya. Na ga tana murmushi, abin da na daɗe ban gani ba, har na fara yafe wa mutumin nan.

Sai ya leƙa bayan injin ya ga ruwa na tsartuwa daga wani ɗan rami.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da irin injin nan ya san ruwan. Inji na shan ruwan teku ya sanyaya jikinsa, ya fitar ta nan. In kana ganin tsartuwar, lafiya. In ta tsaya, ka kashe inji.

"Ayisabi, faɗa wa Inna ta gode wa Allah da ni aka zo. Injin Kawu yoyo yake."

Ya zaro ashana, ya fiƙe tsinke biyu, ya cusa a ramin, ya buga da sifana har suka shige. Na yi tari. Na sake yin tari har da riƙe ƙirji.

"Ayisabi, ba wa ƙanenki ruwa," in ji Inna.

Na sha ruwan, ina ji ina gani.

Muna dab da Dutsen Tsuntsaye inji ya fara wari, ya yi kuka irin na akuya, ya mutu. Asankoya ya ɗora hannu a kansa ya janye da sauri yana yarfewa.

"Na sani," in ji shi. "Tun a gaɓa na ji a muryarsa."

Ya buɗe murfin, ya sunkuya ya shinshina. Ya dangwali wani baƙin mai da ɗan yatsa ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Ya kama ƙasa," in ji shi. "Wuta ta yi yawa, mai ya yi kaɗan."

Ban taɓa jin an yi wa inji irin wannan magana ba, amma a lokacin haushi bai bar ni na yi tunani a kai ba. Kafin in ankara ya ɗauko galan ɗin man kwakwar tsaraba ya tuntsura kusan rabi a cikin tankin kananzir, ya ɗauko sanda yana juyawa a hankali, daga gefe zuwa tsakiya.

"Ayisabi, tambayi Ango man danginmu ne yake zubawa?"

"Ayisabi, faɗa wa Inna a manyan jirage da man zaitun muke yi. Nan dai a yi haƙuri da abin da ya samu."

Da inji ya ɗan huce, ya tayar da shi da fetur, ya kama. Asankoya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ya juya shi ga tanki. Sai farin hayaƙi ya turnuƙe mu, teku gaba ɗaya ta ɗauki ƙamshin suyar ayaba. Tsuntsayen dutsen suka taso suka yi mana rumfa, suna neman inda ake suyar. Ɗaya ya sauke nauyinsa a kan farar hula. Shi kuwa hayaƙi ya rufe masa ido, ya danne sandar tuƙi gefe ɗaya, muka zagaya dutsen sau uku.

"Ayisabi, faɗa wa Ango na ga dutsen. Ya ishe ni."

Ba ta rufe baki ba inji ya sake mutuwa.

Wani ƙaramin jirgin masunta ya matso, mutum biyu a ciki, na san su. Na ji sanyi a raina.

"Lafiya, Ango? Gobara ce ko walima?"

"Gwaji muke yi na kamfani. Ku ja baya, akwai hatsari ga wanda bai yi karatu ba."

"Mu ja ku zuwa gaɓa mana."

"A ja ni? Ni da na ja jirgin mai daga Maskat?"

Suka dube ni. Na buɗe ido iya buɗewa, na girgiza kai, na nuna injin da haɓa. Ɗayansu ya ce, "Mammu ma ya ce a bari," suka tafi suna dariya. Da kyar na hana kaina tsalle cikin ruwa in bi su.

Daga nan abin ya zama sauri sauri. Ya kwance fulogi ya ce datti ne, ya wanke shi da fetur. Ya ga hannunsa ya yi baƙi, ya wanke da fetur. Ya ga tabo a hula, ya goge da fetur. Da ya zo tayar da inji ya ɗaga kwalbar ya girgiza, ko ɗigo babu.

"Kawu Biran marowaci ne," in ji shi. "Wa ke ba injiniya rabin kwalba?"

Ya ce zai tayar da kananzir zalla, yadda Jamusawa ke yi. Ya jawo jarkar kananzir ya buɗe, igiyar ruwa ta ɗaga jirgi, jarka ta kife a kan tukunyar abincin rana. Gurasa da miya da soyayyen kifi duk suka sha. Ya ja igiya sau talatin, na ƙirga, har ta tsinke ta bar masa mariƙin a hannu.

Ruwa kuma ya fara janmu waje, gaɓa na ƙanƙancewa. Ya ce kada kowa ya damu, yanzu zai tsayar da jirgi. Ya ɗauki ƙugiyar ƙarfen da ake jefawa ta kama ƙasa, ya yi bismilla, ya wurga. Igiyarta ta bi ta, tana warwarewa, tana warwarewa, mu duka muna kallo, har ƙarshenta ya tsallake bakin jirgi ya bi sauran. Ba a ɗaure take ba.

Inna ta juya ga 'yarta.

"Ayisabi, tambayi Ango ita ma gwaji ta tafi?"

Ayisabi dai tuni ta rungume bakin jirgi, amai ya sha kanta, ba ta iya kai saƙon kowa.

Azahar ta yi, muka yi salla a zaune. Rana ta tsaya a ka. Abin dariya ya fara ƙarewa, don Inna na da ciwon suga, kuma in lokacin abincinta ya wuce jikinta rawa yake kamawa. Na ga gumi na keto mata, hannunta na karkarwa a kan carbi, maganarta ta ragu. Tsoro ya kama ni sosai. Na zaro zaren ƙugiya daga aljihuna, wanda ba na rabuwa da shi, na jefa. Allah ya taimaka na kamo kifi uku masu kyau. Na kunna risho a ƙasan jirgi, na ɗora ɗaya daga tukwanen shayi, na ɗauko wuƙa.

Ni masunci ne, ban iya girki ba. Jirgi na tangaɗi, kifi na zamewa, albasa na gudu, tukunya ta kife sau biyu. Asankoya na zaune a baya da mariƙin igiya a hannu yana kallona. Ya dubi Inna. Ya dubi albasar da nake sassarawa kamar itace. Na ga leɓensa na motsi.

"Ba haka ake yi ba," in ji shi a hankali.

"Na'am, Ango?"

"Kana kashe kifin nan sau biyu. Matsa."

Ya cire hula ya ajiye. Ya naɗe zanensa zuwa gwiwa, ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa ƙarƙashin risho, ya tokare tukunya da sifanu biyu, ta zauna daram. Wannan ne aikin farko da sifanun nan suka yi a duniya. Ya ware ƙafafu yana bin tangaɗin jirgi kamar a nan aka haife shi, ya karɓi wuƙa. Ban ga yadda aka yi ba, albasa huɗu sun zama zare. Ya fasa kwakwa da bugu ɗaya, ya ba Ayisabi ruwan ta ba Inna, ya kankare, ya matse madarar a cikin tsumma mai tsabta. Kifi ya rabu da ƙayarsa ba gardama. Sauran man kwakwa ya shiga tukunya, barkono da tsamiya suka bi. Duk wannan bai yi alfahari ko sau ɗaya ba, bai ma yi magana ba, sai "miƙo gishiri" da "rage wuta". Ya sauke miya ya ɗora shinkafa.

Na ci miyar kifi a gidajen biki da gidajen suna daga nan har Kalikut, ban taɓa cin irin wannan ba. Inna ta ci, rawar jiki ta tsaya, ta miƙa kwano aka ƙara mata. Ayisabi da ke amai ɗazu ta tashi zaune ta cinye nata. Inna ta lashe yatsa, ta dubi surukinta.

"Ayisabi, tambayi Ango a ɗakin inji ake koyar da wannan?"

Ya mayar da hularsa. "Ayisabi, faɗa wa Inna injiniya na gari komai yana taɓawa."

Can wajen la'asar muka hango wani babban jirgin masunta yana komawa gida. Ba mu da tuta, ba mu da abin busa. Asankoya da kansa ya kwance farin zanensa, ya rage daga shi sai gajeren wando, ya hau kan kwakwa yana kaɗawa. Inna ta rufe fuska da mayafi. Jirgin ya juyo. Da ya matso har ana iya gane fuskar mai tuƙi, wani dattijo mai furfura da gicciye a wuya, sai na ga Asankoya ya daskare. Ya diro, ya ja tamfol ɗin da ake rufe kaya, ya shige ƙarƙashi.

"Zan duba ƙasan jirgi," in ji shi daga ciki. "Kada a dame ni. Aikin zai ɗauki lokaci."

Dattijon, Josef sunansa, ya jefo igiya na ɗaure, ya ja mu. Ciralam dai ko hasumiyarta ba mu gani ba.

Muka iso gida daidai lokacin da jirage ke sauke kifi, lokacin da duk garin ke bakin ruwa: dillalai, mata masu kwanduna, 'yan kallo, ga mai shayi a ƙarƙashin rabin rumfa, ga Kawu Biran ya riƙe ƙugu. Ruwa ya janye, saboda haka jirginmu ya tsaya a yashi, taku goma tsakaninmu da busasshiyar ƙasa.

"Ina injiniyan?" in ji Kawu Biran. "Ko shi ma an bar shi a teku da ƙugiyata?"

Josef ya sauko ya shigo jirginmu don ya ga abin da ya samu injin. Ya leƙa baya, ya sa filaya, ya zaro tsinken ashana biyu ya ɗaga sama kowa ya gani. Ya buɗe tanki ya shinshina.

"Wa ya yi wa injin nan miya?" ya tambaya.

Dariya ta ɓarke. Sai hancinsa ya kai shi ga tukunya. Ya ɗaga murfi, ya dangwali abin da ya rage, ya sa a baki. Ya tsaya cak.

"Mutum ɗaya ne a duniya ke ƙona tsamiya kafin ya jiƙa ta," in ji shi. Ya waiga, ya ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin tamfol. Ya yaye.

"Kuku! Kuku Asankoya!"

Ya rungume shi, ya ɗaga shi sama da gajeren wandonsa, ya juyo da shi ga jama'a. Mutumin nan ba da mugunta yake yi ba, murna ce tsantsa, har da hawaye.

"Jama'a, kun san wanda kuke da shi? Shekara sha ɗaya ina injiniya a jirgi ɗaya da shi. Mutum arba'in yake ciyarwa sau uku a rana, ko guguwa ake yi. Sau ɗaya ya shigo ɗakin inji, ya kawo mini shayi, ƙara ta sa ya suma, muka fito da shi a kan tire."

Wallahi sai da mata suka ajiye kwanduna don dariya. Mai shayi ya zauna a ƙasa. Kawu Biran ya ce, "Ashe shi ya sa da ya zo ganin injina ya tambaye ni ko na jiƙa shi tun jiya." Wani ya ce a ba shi fankar Inna ya soya. Ni da na yi shekara ashirin da bakwai ina jiran wannan rana, sai na ga dariyar ta ƙi fitowa. Asankoya na tsaye ya rungume zanensa a ƙirji, bai iya ɗaga ido ya kalli matarsa ba.

"Ayisabi," in ji shi, muryarsa ƙasa ƙasa, kuma wannan karon ita yake nufi. "Na ji kunya ne. Yayyenki da ƙannenki duk mazan teku, ni kuma ina yanka albasa."

"Na sani tun shekarar farko," in ji ta. "Duk wasiƙar da ka aiko, tabon kurkur na miya ne a gefenta. Ɗaura zanenka, mutane na kallo."

Saura sauka. Na ce wa Inna ta bari in goya ta, don ƙafarta har yanzu a bushe take, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Asankoya ya ɗago da sauri, na ga ɗan fata ya dawo masa a ido. Sharaɗin Inna bai ce a kai Ciralam dole ba, ƙafa aka ce.

Inna ta ture hannuna. Ta cire takalmanta ta miƙa wa Ayisabi, ta tattare bakin zanenta, ta dafa kafaɗata, ta zura ƙafar dama a cikin ruwa, sannan ta hagu. Ta tsaya a ciki har idon sawu, a gaban duk garin. Ta juyo.

"Asankoya."

Ba a taɓa jin suruka ta kira sunan ango a garinmu ba.

"Gobe da safe ka sauko da kayanka. Shekara ashirin da bakwai ina ciyar da baƙo a gidana, ashe ɗa nake da shi mai hannu irin wannan, yana kallo ina cin miyar Ayisabi. Kai za ka yi girkin bikin 'yarka. Kuma ka kai wa Biran filafilansa, ka ba shi haƙuri."

Ta wuce abinta, sawunta a jiƙe a kan yashi.

Washegari na je gaida ta na tarar da shi a kan matakala, akwati a ka, yana saukowa. Bai fasa hali ba. Kafin ya kai ƙasa ya gaya mini mutum ɗari huɗu yake ciyarwa, Josef ne ƙwaƙwalwarsa ta tsufa, kuma wani sarkin Larabawa ya taɓa kuka a kan miyarsa.

"Ƙarya kake yi," na ce. Na ji kamar an sauke mini buhun gishiri daga ka.

"To, ɗari biyu," in ji shi.

Daga kicin muryar Inna ta taso. "Asankoya, zo ka duba kifin nan."

Ya tsaya da akwati a ka bai motsa ba.

"Asankoya."

"Kai, ba ka ji ana kiranka?" na ce.

"Na ji tun na farko," in ji shi. "Bari ta ƙara ɗaya."